Minsharin maigida da hawan jinin da ya ƙi sauka

Admin: Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar'uwarmu daga Agege a Legas ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta rubuto:

"Don Allah ina neman shawara. Maigidana ya haura shekara 50, yana kasuwanci a Mile 12. Tun da aka kawo ni gidansa yake minshari, amma yanzu abin ya sauya salo. Zai yi ta ja, can sai ka ji ɗif, numfashi ya ɗauke. Ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga. Sai na fara salati zan taɓa shi, sai ya fizgo numfashi da gurnani ya juya ya ci gaba da barcinsa. Da safe in na gaya masa sai ya ce sharri nake masa. Yana yawan tashi fitsari cikin dare, yana wayar gari da ciwon kai, kuma ko ana tsakiyar hira sai ka ga ya soma gyangyaɗi. Ga hawan jini, magani kala 3 yake sha amma ya ƙi sauka. Likitan da ke duba shi ne ya tambaye ni ko yana minshari, da na ba shi labari ya ce a je a yi gwajin barci, wai abin yana iya taɓa zuciya. Shi kuma Alhaji ya ce hanyar cin kuɗi ce, ina ruwan minshari da zuciya. Masu sani ku taimaka."

Ɗan Asabe Mai Albasa: Hajiya ki bar bawan Allah ya huta. Mutumin da ya fita tun kafin asuba, ya yini a tsaye cikin rana ana sauke kaya, ya sha gosulo daga Ketu har gida, in bai yi minshari ba wa zai yi? Mu a rumfarmu akwai wanda in ya kwanta sai kowa ya ɗauki tabarmarsa ya canza wuri, kuma ga shi nan garau.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗan Asabe kai ka auna shi ka ga garau ɗin? Ku maza haka kuke, sai mutum ya faɗi a ce ai jiya ma muna tare lafiya lau.

Malam Na Obalende: Wa alaikumus salam. Wannan shaƙewa da farkawa a firgice da ta faɗa, ni ya fi min kama da dannau. Ya riƙa kwanciya da alwala, ya karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ya kwanta ta gefen dama yadda sunna ta koyar. Allah ya ba shi lafiya.

Garba Ijora: Beli ne ya yi masa tsawo. A kai shi wajen wanzami a cire, minti biyar an gama. Akwai su a Agege ɗin ma.

Sista Rabi: Innalillahi. Malam Garba don girman Allah kada ka sa a kai mutum mai hawan jini a sa masa aska a maƙogwaro. Jini zai iya ɓallewa a kasa tsayar da shi, ga ƙwayoyin cuta da ake ɗauka ta kayan aikin da ba a tafasa ba. Kuma ko an cire belin matsalar tana nan, don ba shi kaɗai ke toshe hanya ba. Gindin harshe ne da naman gefen maƙogwaro da ganɗa suke rufewa. Abin da baiwar Allah nan ta bayyana sunansa ɗaukewar numfashi a cikin barci, kuma likitansu ya yi daidai da ya tambaya. Bari in taɓo Dokta, shi ne zai fi warware mana.

Alhaji Sani Oko-Oba: Ni abin da ban gane ba shi ne yadda mace za ta ɗauko sirrin ɗakin mijinta ta kawo zaure.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji ai ba ta faɗi suna ba. Kuma wannan ciwo ne da mai shi ba ya sanin yana da shi, tunda barci yake. In matar da ke kwana gefensa ba ta yi magana ba wa zai yi, maƙwabci?

Dokta Aminu: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Idan mutum ya yi barci duk tsokokin jikinsa suna saki, har da waɗanda ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Ga mafi yawan mutane hanyar ba ta rufewa. Amma wanda hanyarsa take da ƙunci, saboda kitse a wuya ko babban harshe ko gajeriyar haɓa, idan ya zuƙi iska sai bangon maƙogwaron ya manne, kamar yadda ledar fiya wata ke mannewa in ka zuƙe ta. Idan hanyar ta matse amma iska na ɗan wucewa, ƙarar da ake ji ita ce minshari. Idan ta rufe ruf, shi ne ɗif ɗin da Hajiya take ji. Muna ƙirga shi ne idan ya kai daƙiƙa 10 ko fiye, kuma akwai wanda nasa ke wuce rabin minti.

To ga inda zuciya ta shigo. A wannan ɗan lokacin iskar oksijin tana raguwa a jini. Ƙwaƙwalwa sai ta ga mutum na shirin shaƙewa, ta watsa sinadarin firgici a jiki, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, mutum ya ɗan farka ya ja numfashi ya koma. Shi bai ma san ya farka ba. A gwaji muna duba sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ku lissafa mai 40 a awa cikin barcin awa 7, sau 280 ke nan a dare ɗaya. Mai lafiya jininsa yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan ya yi barci, a nan zuciya ke samun sarari. Shi wannan ba ya samu. A kwana a tashi sai hawan jinin ya bi shi har rana, shi ya sa magani 3 bai riƙe shi ba.

Akwai kuma wani abu. Lokacin da ƙirji ke ja da ƙarfi alhali hanya a rufe take, jan nan yana miƙar da bangon zuciya. Zuciya sai ta ɗauka ruwa ne ya yi yawa a jiki, ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta tara fitsari. Yawan tashi fitsarin da Hajiya ta ambata zai iya zama daga nan ne, ko da yake a shekarunsa sai an duba suga da mafitsara su ma. Wannan miƙewar kuma tana cikin abin da ke jawo bugun zuciya mara tsari, wanda shi kuma yake haddasa gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Malam Na Obalende, Allah ya ƙara lafiya, dannau daban ne. Shi mutum ya farka ne yana ji yana gani amma ya kasa motsi na ɗan lokaci, kuma yana tuna abin da safe. Wannan kuwa mai shi ba ya tuna komai. Amma kwanciya ta gefe da kuka faɗa, mu ma ita muke cewa a yi, don a rigingine harshe ya fi faɗawa baya. Akwai mutanen da tasu matsalar kusan duk a rigingine take.

Malam Na Obalende: Madalla Likita, mun ƙaru. Addu'a da magani ai ba sa faɗa da juna.

Ɗan Asabe Mai Albasa: To yanzu duk mai minshari mai ciwon zuciya ne? Ai rabin Mile 12 sai a kwashe mu.

Dokta Aminu: A'a. Da yawa minshari ne kawai ba ɗaukewa. Akwai wasu tambayoyi 8 da likitoci a Toronto ta Kanada suka tsara a 2008, da su muke tacewa. Minshari mai ƙarfi, gajiya ko barci da rana, wani ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba mai yawa, wuce shekara 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e a 3 ko fiye ya kamata a duba shi. Mijin Hajiya daga labarinta kaɗai ya ci 6, ba a ma auna wuyansa da nauyinsa ba. Kuma abin ba ƙarami ba ne a duniya, wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna da shi, yawancinsu ba su sani ba.

Alhaji Na Kara: Ni zan ba da shaida don ni abin ya sama. Da can ko a masallacin Juma'a ba na jin huɗuba, liman na farawa na tafi. Ana ciniki da ni a kara sai yaro ya taɓa ni. Na ɗauka tsufa ne. Sai da zuciyata ta fara wani irin bugu ba kan gado, aka kwantar da ni, likitan zuciya ya tura ni gwajin barci. Sun liƙa min wayoyi a kai da ƙirji da yatsa na kwana a can. Aka ce nawa mai tsanani ne, aka rubuta min na'urar nan mai hura iska ta hanci, sifaf suke ce mata. Farkon sawa kam na sha wuya, ji nake an ɗaure min fuska, cikin dare in fizge in jefar. Sai da aka canza min abin hancin zuwa ƙarami sannan na saba. Yanzu ko Maiduguri zan je sayen shanu tana cikin jakata. Uwargida ma ta dawo ɗakin.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji Sani ka ji, ga namiji ya kawo nasa sirrin da kansa.

Alhaji Sani Oko-Oba: Shi ai nasa ya faɗa.

Usman Famasi: Dokta ranka ya daɗe, ban ƙi bayaninka ba, amma akwai inda nake so mu tsaya a kan gaskiya don kada mutane su sayar da kadara su sayi na'ura da zaton sun sayi kariya daga ciwon zuciya. Babban gwajin da aka yi kan wannan tambaya, wanda ake kira SAVE, an wallafa shi a 2016. Mutum 2,717 ne, duk masu ciwon zuciya ko shanyewar jiki a baya kuma masu ɗaukewar numfashi, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi da na'ura rabi babu. Aka bi su kusan shekara 4. Sakamako: bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ba su ragu ba a wajen masu na'urar. Barcin rana ya ragu, sun fi jin daɗin rayuwa, amma zuciya shiru. Ko hawan jinin ma, abin da na'urar ke saukewa a yawancin bincike bai wuce maki 2 zuwa 3 ba. Ƙwayar amlodifin ta hawan jini mai araha ta fi haka aiki. To me ya sa za a ce wa talaka ya yi wannan kashe kuɗi saboda zuciya?

Ɗan Asabe Mai Albasa: Yawwa! Ashe Alhajin Agege yana da gaskiya.

Dokta Aminu: Ɗan Asabe kada ka yi saurin tafi. Malam Usman abin da ka kawo gaskiya ne, kuma na ji daɗi da ka kawo shi. Amma ka bar rabin labarin a aljihu. A wancan gwajin, awa nawa mutanen suke sa na'urar a dare? Awa 3.3 a matsakaici. Wato mutum ya kwanta ƙarfe 11, kafin 3 ya cire. Alhali barcin mafarki, inda tsoka ta fi saki kuma numfashi ya fi daɗewa a ɗauke, ya fi yawa ne a ƙarshen dare wajen asuba. Na biyu, masu tsananin barcin rana ba a sa su cikin gwajin ba, don ba zai halatta a bar irinsu shekaru babu magani ba. To su ne kuwa irin mijin Hajiya.

A 2023 an haɗa bayanan wannan gwajin da wasu guda 2 irinsa, mutum sama da 4,000. Da aka duba kowa da kowa, babu bambanci, kamar yadda ka ce. Da aka ware masu sa ta awa 4 ko fiye kullum, sai aka ga haɗarin sake kamuwa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Kafin nan ma akwai binciken Saragoza ta Sifaniya na 2005, da aka bi maza kimanin shekara 10, aka ga masu mai tsanani da ba su yi magani ba sun ninka masu lafiya kusan sau 3 wajen ciwon zuciya da shanyewar jiki, masu sa na'ura kuwa sun yi kusa da masu lafiya.

Usman Famasi: Amma Dokta ka san amsar wannan. Mutumin da zai daure ya kwana da abu a fuska kullum, shi ne dai wanda ba ya tsallake maganinsa, ba ya shan taba, yana zuwa asibiti ranar da aka ce. Ta yaya za ka raba amfanin na'urar da halin mai ita? Ƙuri'a ce kaɗai ke raba wannan, kuma ƙuri'a ta ce babu.

Dokta Aminu: Ƙuri'a ta ce awa 3 ba ta isa ba, ga mutanen da barcin rana bai dame su sosai ba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma na yarda da kai cewa ba ni da hujjar da zan dafa in yi wa mutum alkawarin na'ura za ta hana shi bugun zuciya, kuma ba na yi. Abin da nake gaya wa marasa lafiyata shi ne: barcin rana zai tafi, wannan tabbas ne ga mafi yawa. Hawan jini zai ɗan sauka, kuma ga mai irin wanda ya gagari magani 3 saukar ta fi ta sauran mutane. Maki 2 ko 3 ɗin da kake rainawa matsakaici ne na kowa da kowa, har da masu ajiye na'urar a ƙarƙashin gado. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2021 ta ce a riƙa binciken wannan ciwo ga mai hawan jinin da ya ƙi magani da mai bugun zuciya mara tsari da ke dawowa bayan an gyara. Ba ta ce a bi kowa da gwaji ba.

Usman Famasi: A nan mun haɗu. Ni tsorona wanda zai sayi na'ura ya ajiye ƙwayoyinsa. Na ga irinsu a kanti, mutum ya zo ya ce ai yanzu yana barci lafiya ya daina shan na hawan jini.

Dokta Aminu: Wannan kam ganganci ne. Ba mai rage magani sai likitan da ya rubuta shi, bayan ya ga awo.

Sista Rabi: Tunda Malam Usman na nan, a ja kunnen masu zuwa kemis su ce a ba su maganin barci. Mai wannan ciwon yakan ce barcinsa ba ya isarsa, sai a miƙo masa diyazefam. Ita kuma ƙara sakar da maƙogwaron take yi, ta kuma danne farkawar nan da ke ceton sa. Haka kodin da taramol da giya. Kuma mata kada mu ɗauka na maza ne kaɗai. Bayan al'ada ta ɗauke mata ma suna kamuwa sosai, sai dai mu ba mu cika zuwa da ƙarar minshari ba, sai dai rashin barci da kasala da ciwon kai, a yi ta ba mu maganin maleriya da taifot.

Maman Ilham: Sista yarona ɗan shekara 5 yana minshari da baki buɗe, har fitsarin kwance ya dawo masa. Shi ma wannan ne?

Sista Rabi: Zai iya zama. A yara yawanci ƙulallan nan ne na gefen maƙogwaro da na bayan hanci suke kumbura su toshe hanya. Ki kai shi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, akwai a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai a na LASUTH da ke Ikeja. In sun ga sai an cire, su za su cire a ɗakin tiyata, kuma yara da yawa suna warkewa da hakan. Ban da wanzami don Allah.

Garba Ijora: An ji, an ji. Na janye.

Admin: Mai tambaya ta sake turowa. Ta ce ta gode, kuma tana tambaya ko akwai abin da za a yi in ba na'ura ba, don ta san halin mutuminta, ba zai kwana da abu a hanci ba. Kuma yaya za ta shawo kansa ya yarda.

Hajiya Mai Atamfa: Ki ɗauke shi a waya yana barci, ki tabbatar kin kamo wurin da numfashin ya tsaya. Ki nuna masa ku biyu a ɗaki, ba gaban yara ba, ba gaban abokiyar zama ba in akwai. Kada ki tura wa kowa. Sannan ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya yi masa maganar asibitin.

Dokta Aminu: Hoton nan ma likita zai so ya gani. Gwajin kuma ba dole sai an kwana a asibiti ba, akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya tafi da ita gida, a ɗaura a ƙirji da yatsa da hanci, da safe a mayar. Ga wanda ba shi da gazawar zuciya ko ciwon huhu takan wadatar. A fara da likitan ƙirji ko na zuciya, su za su nuna inda ake yi.

Game da wasu hanyoyin, babbar ita ce rage nauyi. Binciken Wiskonsin ta Amurka na shekarar 2000 ya nuna wanda ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ɗaukewar numfashinsa tana raguwa da kusan kashi 26, wanda ya ƙara kashi 10 kuma tana ƙaruwa da kusan kashi 32. Mai kilo 100 ke nan ya sauke 10. Kuma mun san inda kilon nan ke shigowa: a dawo gida ƙarfe 10 na dare a ci tuwo mai nauyi, ko a tsaya wajen mai shayi a haɗa indomi da ƙwai da burodin Agege da madara, a bi da lemon kwalba, a kwanta nan take. Akwai kuma wani abin roba da likitan haƙori ke aunawa ya yi wa mutum, yana turo muƙamuƙin ƙasa gaba, yana aiki ga mai sauƙi da matsakaici. Tiyata ga manya sai an zaɓa da kyau, ba kowa take yi wa ba. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzefatayid ga masu ƙiba da wannan ciwon, amma tsadarta ba ta kowa ba ce, kuma ba abin saye a intanet a soka wa kai ba ne. Mai tsanani dai har yanzu sifaf ce gaba.

Ɗan Asabe Mai Albasa: Dokta ka taɓo mai shayi ka taɓo mu duka. Amma tsakani da Allah, na'urar da ke son wuta dare guda cur, a Legas? In an ɗauke wuta mutum na ciki fa, ba shaƙewa zai yi ba?

Injiniya Mai Sola: Ba ya shaƙewa, abin fuskar yana da ƙofofin fitar iska, farkawa kawai zai yi ya cire. Kuma ba ta cin wuta yadda kuke zato. Ai fanka ce ƙarama a cikin akwati. Wanda ya ƙirƙiro ta ma, Colin Sullivan a Sidni ta Ostireliya, da injin zuƙar ƙura ya fara, ya juya shi yana hurawa, ya wallafa aikin a 1981. In ka kashe ɓangaren da ke dumama ruwa, wanda a damshin Legas ba kowa ke bukatarsa ba sai ko da hunturu, ka ƙaddara tana jan wat 40. Sau awa 7, wat-awa 280 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, ka yi amfani da rabi don kada ya mutu da wuri, ya kai ka dare 2. Ƙaramar inbata da faranti ɗaya na sola sun isa. Ba sai an kwana ana ƙona fetur ba.

Alhaji Na Kara: Haka nake yi. Tsadar tana wajen sayen na'urar ne da canjin abin hanci, don komai da dala ake shigo da shi.

Garba Ijora: To ba a samun tokumbo? Komai fa akwai a kasuwar Alaba.

Usman Famasi: Ana samu, amma a buɗe ido. A 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke rage ƙara a ciki yana ruɓewa, mutum ya shaƙi garinsa. Irin waɗannan in an kwashe su a can, ina kake zaton wasu za su ƙare? A duba lambar jikinta a shafin kamfanin kafin a biya. Abin fuska da tiyo kuma sabo ake saye, ba a gadon na wani.

Dokta Aminu: Ƙari a kan haka, ƙarfin iskar likita ne ke saitawa daidai da sakamakon gwaji. Akwai masu daidaita kansu, amma su ma sai an sa musu iyaka. Kuma mai gazawar zuciya wani lokaci nasa ɗaukewar ba daga toshewa ba ce, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarnin numfashi, maganinsa daban. Shi ya sa ba a tsallake gwaji a tafi kasuwa.

Baban Sadiq: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ni direban tanka ne, daga Apapa muke lodi. Duk abin da aka lissafa ina da shi, har wuyan. Yaron motata ya sha gaya min ina shiru a barci har ya tsorata. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na wuce Shagamu ban san na wuce ba, sai ganin kaina na yi a gaba. Goro da kofi da lemon ƙarin kuzari duk ina sha, ba sa yi. Amma Likita in na je aka rubuta a takarda ina da wannan ciwon, mai mota ya ji, wallahi karɓe makulli zai yi. 'Ya'ya 7 gare ni.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallahi. Baban Sadiq da man fetur a bayanka?

Dokta Aminu: Baban Sadiq na gode da ka faɗa, ba kowa zai iya ba. Zan gaya maka ba kwana-kwana. Kai a wajenka maganar ta wuce muhawarar da muke yi da Malam Usman. Mai wannan ciwon da bai yi magani ba haɗarinsa a kan titi ya ninka na sauran direbobi sau 2 ko fiye, kuma a nan babu jayayya cewa magani yana sauko da shi. Ko a Turai, dokar da suka yi a 2014 ba ta ce a kori direba ba, cewa ta yi mai matsakaici ko mai tsanani zai ci gaba da tuƙi muddin yana magani kuma likita na duba shi. Sakamakon gwajinka kuma tsakaninka da likitanka ne. Kafin ka samu zuwa, in barci ya fara fizgarka ka faka ka kwanta, ko minti 20 ne, kada ka yi tuƙin tsakar dare, kada ka taɓa taramol. Lemon kuzarin nan kuma jininka yake ƙara hawar da shi. Ka je a auna jinin gobe, ba sai ka jira gwajin barci ba. Ka yi min magana ta gefe in gaya maka asibitin da ya fi kusa da kai.

Usman Famasi: A kan wannan ba ni da ja ko kaɗan.

Baban Sadiq: Na gode Likita, zan yi magana. Injiniya, mu da muke kwana a layi a cikin mota, wani lokaci sati guda, za ta yi aiki da batirin mota?

Injiniya Mai Sola: Za ta yi, amma kada ka jona kai tsaye. Manyan motoci bolt 24 ne, na'urorin kuma wasu 12 suke so wasu 24, ka duba abin da aka rubuta a jikin cajarta ka sayi mahaɗin da ya dace da ita. Ni shawarata ka samu batir na daban ka riƙa cajinsa lokacin da inji ke aiki, don kada ka wayi gari layi ya motsa mota ta ƙi tashi. In ka karɓo ta ka biyo da ita shago in gani kafin ka sayi komai.